Katanga Da Ƙofa

Nassin karatu: 2 Korantiyawa 6:14-18, Galatiyawa 2:11-14

Ɗan'uwa mai karatu, duk makarantar da aka gina da sunan Almasihu tana da ƙofa, a bakin ƙofar nan kuwa akwai wanda aka ɗora wa nauyin cewa wannan ya shiga, wancan ya koma. Nauyi ne babba, gama mai ɗauke da shi da sunan Ubangiji yake magana. Idan ya buɗe wa kowa ba tambaya, ba da jimawa ba makarantar za ta rasa abin da ya bambanta ta da sauran makarantu. Idan kuma ya rufe wa wanda Almasihu ya riga ya karɓa, ya yi wa Maigidan ƙarya a gaban baƙonsa. Tambayar da za mu auna tare ita ce, yaya mai bi zai gane keɓewar da Allah ya umarta, ya rarrabe ta da wariyar da zuciyar mutum ta ƙago ta kuma lulluɓe da ayoyi? Za mu nemi amsa a tarihin waɗansu makarantun Baftis na Amurka, waɗanda suka ɗauki keɓewa da gaske fiye da yawancinmu.

A farkon ƙarni na ashirin wata sabuwar koyarwa ta shiga manyan makarantun tauhidi na ƙasar. Malamai suka fara shakkar haihuwar Yesu ta wurin budurwa, da mu'ujizansa, da tashinsa daga matattu cikin jiki. Fastocin da aka horar a hannunsu suka koma ikkilisiyoyi da wannan shakka a bakinsu. Masu bi da yawa suka tashi tsaye. Tsakanin 1910 da 1915 aka buga jerin littattafai goma sha biyu masu kare tushen bangaskiya, aka rarraba su kyauta ga fastoci da masu bishara. A 1920 wani editan jaridar Baftis, Curtis Lee Laws, ya laƙaba wa masu wannan gwagwarmaya suna mai ma'anar masu riƙo da tushe, wanda a yau ake fassara mana da masu tsattsauran ra'ayi. Da suka ga gyaran manyan ɗariku daga ciki ya gagara, sai waɗansu suka fice. A 1932 wasu ikkilisiyoyin Baftis na arewacin ƙasar suka ware suka kafa tasu ƙungiya. Daga nan aka shiga gina sababbin makarantu, inda 'ya'yansu za su yi karatu ba tare da an girgiza musu bangaskiya ba.

Shiga irin waɗannan makarantu bai tsaya ga sakamakon jarrabawa ba. Mai neman gurbi yakan ba da shaidar yadda ya karɓi Almasihu, ya kawo takarda daga fastonsa, ya sa hannu cewa ya yarda da koyarwar makarantar, zai kuma bi dokokinta. Dokokin suna da yawa. Ba giya, ba taba, ba rawa, ba zuwa gidan sinima, ba sauraron kiɗan zamani. An tsara irin tufafin da za a sa, da lokacin kashe fitila, da inda saurayi zai zauna da budurwa a gaban idon mai lura. Waɗansu makarantun sun daɗe suna ƙin kuɗin gwamnati da tantancewar hukumomin ilimi na waje, don kada baƙo ya sami ta cewa a cikin gidansu. Kwalejin Maranatha da aka buɗe a Wiskonsin a 1968, da Hyles-Anderson a Indiyana a 1972, da ta Pensacola a Filorida a 1974, duk a kan irin wannan harsashi aka kafa su, ko da yake kowace da gwargwadon tsaurinta.

Kada ka yi saurin yi musu dariya. Abin da suka ji tsoro sun gan shi da idonsu. Jami'ar Chikago, Baftis ne suka kafa ta a 1890 da dukiyar Rockefeller, amma kafin tsara ɗaya ta shuɗe sashenta na tauhidi ya zama cibiyar koyarwar da suke gudu. Sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Littafi Mai Tsarki ma yana tare da su a wannan. Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa kada su haɗa wuya da marasa bangaskiya a karkiya guda, ya tuna musu kiran Allah ga jama'arsa su fito su keɓe. Ya faɗa wa Romawa su lura da masu kawo tsattsaguwa ta wurin baƙuwar koyarwa, su rabu da su (Romawa 16:17). Yahaya, manzon ƙauna, ya hana a yi maraba da malamin da ya musunci koyarwar Almasihu (2 Yahaya 10-11). Yaro mai shekara goma sha takwas icce ne ɗanye, inda aka tanƙwara shi nan zai bushe. Iyayen da suka nemi a kewaye shi da katanga har ya yi ƙwari ba su yi laifi ba, makarantar da ta tambayi mai shiga abin da ya gaskata ita ma tana da haƙƙin yin haka.

Sai dai katanga tana da wata ɗabi'a. Idan mai gida ya saba da gininta, yakan manta abin da ya sa ya fara, ya ci gaba da matso da ita ciki har ta bar 'yan gida a waje. Wannan ya bayyana sarai a makarantar da ta fi kowace suna a cikin masu riƙo da tushe, wato Jami'ar Bob Jones. Wani mai bishara, Bob Jones babba, shi ya kafa ta a Filorida a 1927. Ta koma Tenesi a 1933, sa'an nan ta zauna a Greenville ta jihar Karolina ta Kudu a 1947. Ba ta ƙarƙashin wata ɗarika, amma ikkilisiyoyin Baftis masu zaman kansu su ne suka fi aiko mata da ɗalibai.

A 1936 wani saurayi ya shiga wannan makaranta, ya yi zango ɗaya ya bar ta. Sunansa Billy Graham. Bayan shekara ashirin da ɗaya, a 1957, ya yi babban taron bishara a birnin Niyok, ya yarda shugabannin ikkilisiyoyi iri-iri su sa hannu a shirin, har da waɗanda ake zargi da sabuwar koyarwa. Shugabannin tsohuwar makarantarsa suka juya masa baya. Ba su ce ya musunci gicciye ko tashin matattu ba, laifinsa shi ne ya zauna da waɗanda ya kamata ya guje wa. Haka koyarwar keɓewa ta hau mataki na biyu: ka rabu da mai ƙarya, ka kuma rabu da ɗan'uwan da bai rabu da shi ba. Da Graham ya zo wa'azi a Greenville a 1966, jami'ar ta hana ɗalibanta masu kwana a makaranta halarta, duk wanda ya je kuwa kora ce sakamakonsa.

Mai gaskiya zai yarda cewa akwai abin dubawa a damuwarsu, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma duba inda hanyar take kaiwa. Idan zan rabu da kai saboda wanda ka gaisa da shi, gobe wani zai rabu da ni saboda na gaisa da kai, har da'irar ta ƙanƙance ta rage mutum da inuwarsa. Almajirai sun taɓa hana wani fitar da aljanu da sunan Yesu domin ba ya cikin ƙungiyarsu, Ubangiji kuwa ya ce su ƙyale shi (Markus 9:38-40).

Akwai wata katanga a makarantar da ta fi wannan muni. Tun kafuwarta ta karɓi ɗalibai daga Asiya da wasu wurare, amma ba ta karɓi baƙar fata ba, ko na Amurka ko na Afirka, sai a 1971. Ka tsaya ka auna wannan, mai karatu. Da a ce kai ne ka aika da takardar neman shiga a 1965, da shaidar tubanka, da wasiƙar fastonka, da hannunka a kan kowace doka, da an mayar da kai saboda fatar da Allah ya ba ka. Ba a ɓoye aka yi wannan ba, an yi masa hujja daga mumbari. Ran Lahadin Ista na 1960 Bob Jones babba ya yi wa'azi a rediyo yana kare raba jinsuna, ya kafa hujja da Ayyukan Manzanni 17:26, inda aka ce Allah ya ƙayyade wa al'ummai iyakokin mazauninsu. Ayar nan kuwa da kanta ta fara ne da cewa daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai. An ɗora nauyi a kan rabin aya, aka bar ɗaya rabin a ƙasa.

Ko da ƙofar ta fara buɗewa, da ƙyar ta buɗe. Daga 1971 zuwa 1975 baƙar fata masu aure kaɗai ake karɓa. Bayan haka aka karɓi marasa aure, amma aka tsaurara dokar da ta hana neman aure ko aure tsakanin jinsuna, mai karya ta kuwa a kore shi. Hukumar haraji ta janye wa jami'ar rangwamen da ake yi wa makarantun addini. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1983, alƙalai takwas a kan ɗaya, cewa hukumar ta yi daidai. Jami'ar ta zaɓi biyan haraji a kan sauke dokar, da yawa daga cikin magoya bayanta kuwa suka ɗauki wannan a matsayin shan wuya saboda Almasihu. Sai a shekara ta 2000, bayan ƙurar da ziyarar George W. Bush ta tayar lokacin yana neman shugabancin ƙasa, jikan wanda ya kafa makarantar ya sanar a talabijin cewa an soke dokar, ya kuma yarda cewa babu wata aya da za a nuna wadda ta hana irin wannan aure. A 2008 jami'ar ta fitar da sanarwar neman gafara. A cikinta ta amsa cewa ta daɗe tana barin al'adar wariya ta jama'ar da ke kewaye da ita ta tsara mata manufa a maimakon Maganar Allah, ta bi al'adar ƙasar a inda ya kamata ta zama shaida a kanta.

Wannan furci ya cancanci girmamawa, gama ba kowace hukuma ke iya cewa ta yi zunubi ba. Amma ka ji abin da yake koya mana. Makarantar da ta ɗauki rabuwa da duniya a matsayin tutarta, wadda ta hana rawa da sinima don kada duniya ta shigo, ita ce ta shaida da bakinta cewa a wannan batu duniya ce ke zaune a kujerar mai tsaron ƙofarta. Katangar da aka ce an gina don ta tare duniya, ashe da tubalin duniya aka gina wani sashenta. Son duniya bai tsaya ga kwalbar giya da gajeren siket ba. Girman kai na jinsi, da tsoron abin da maƙwabta za su ce, da son zama da irinka kaɗai, su ma duniya ne, sun kuma fi haɗari domin sun iya sa tufafin ibada.

Ba a Amurka wannan cuta ta fara ba. A Antakiya, Bitrus yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai, har waɗansu suka zo daga Urushalima. Sai ya janye jiki, ya ware kansa. Bitrus ne fa wanda ya ga wahayi a Yafa, wanda ya shiga gidan Karniliyus ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa marasa kaciya. Ga mai kallo daga nesa, janyewarsa tana kama da tsarki. Bulus kuwa ya kira ta da sunanta na gaskiya, wato tsoro da munafunci, ya tsawata masa a gaban kowa domin tafiyarsa ba ta yi daidai da gaskiyar bishara ba. Har Barnaba, ɗan ƙarfafa zuciya, ya bi sahu. Ka lura, Bulus ɗin da ya umarci Korantiyawa su keɓe shi ne ya tsawata wa Bitrus saboda keɓewa. Ba saɓani a tsakani. Ta farko rabuwa ce da gumaka, ta biyu rabuwa ce da 'yan'uwa.

A Haikalin Urushalima akwai wata gajeriyar katanga da ta raba farfajiyar al'ummai da ta ciki, da rubutu a kan duwatsu yana gargaɗin cewa baƙon da ya ƙetare ya jawo wa kansa mutuwa. An tono ɗaya daga cikin duwatsun a 1871. Bulus ya san katangar nan, an kusa kashe shi bisa zargin ya shigar da Ba'al'umme ciki. Shi ne ya rubuta wa Afisawa cewa Almasihu ya rushe bangon gaba da ya raba mu, ta wurin jikinsa (Afisawa 2:14). Wanda ya sake tayar da abin da gicciye ya rushe, ko da niyyarsa mai kyau ce, yana aiki ne gāba da Mai gicciyen.

To, yaya za ka gane? Ga waɗansu tambayoyi da za ka yi wa kowace katanga, taka ko ta ikkilisiyarka.

Ta farko, shin wanda aka bari a waje zai iya shiga ta wurin tuba da bangaskiya? Mashayi zai iya barin giya. Mai musun tashin matattu zai iya gaskatawa. Ƙofar da ta ce musu su tuba tukuna, ƙofa ce mai kira. Amma ba mai iya tuba daga fatarsa, ko ƙabilarsa, ko gidan da aka haife shi. Sharaɗin da ba ya cikuwa ta wurin tuba ba daga bishara ya fito ba. Sa'ad da Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan Musa saboda matarsa Bakushiya, ba Musa Allah ya hukunta ba (Littafin Ƙidaya 12).

Ta biyu, shin ana kiran dokar da sunanta na gaskiya? Makaranta tana iya cewa a kashe fitila ƙarfe goma sha ɗaya, ko a sa irin tufafi kaza, ba laifi, muddin ta ce tsarin gida ne. Laifin yana farawa ne ran da aka ce Allah ne ya faɗa, alhali bai faɗa ba. Ɗalibin da aka koya wa cewa tsawon gashi da tashin Almasihu nauyinsu ɗaya ne, ran da ya gano na farko al'ada ce, zai iya zubar da na biyu tare da shi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Ta uku, yaya zuciyarka take game da wanda ke waje? Ko a inda Bulus ya umarci a janye daga ɗan'uwa mai taurin kai, ya ƙara da cewa kada a ɗauke shi abokin gāba, a gargaɗe shi kamar ɗan'uwa (2 Tasalonikawa 3:14-15). Keɓewar da take ta Allah da baƙin ciki ake yin ta, ana duban hanya ko zai dawo. Idan ka ga rufe ƙofa yana yi maka daɗi, yana sa ka ji ka fi wani, ka tuna da mutumin nan da ya tsaya a Haikali yana gode wa Allah domin shi ba kamar sauran mutane yake ba. Sunan ƙungiyarsa, Farisiyawa, ma'anarsa keɓaɓɓu.

Wataƙila za ka ce kai ba shugaban jami'a ba ne. Duk da haka kana riƙe da wata ƙofa. Kana cikin kwamitin da ke zaɓen wanda ikkilisiya za ta tura makarantar Littafi Mai Tsarki, ko dattawan da ke neman sabon fasto, ko shugabannin zumuntar mata. Wataƙila kai uba ne, wani saurayi mai tsoron Allah daga wata ƙabila ya zo neman 'yarka. Wataƙila akwai sabon tuba a ikkilisiyarku wanda danginsa suka kore shi, ya shekara yana zuwa sujada, har yanzu ba wanda ya kira shi cin tuwo a gida. Ba a rubuta masa dokar hana shiga ba, amma ya san inda katangar take. Yana da sauƙi mu ga kuskuren mutanen Greenville, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Su ma ba mugaye suke ganin kansu ba a lokacin. Suna addu'a, suna azumi, suna aika masu bishara zuwa ƙasashe masu nisa. Al'adarsu ce ta zame musu kamar iska, ba su ganinta, har suka ɗauka muryar Allah ce.

Saboda haka kada ka rushe kowace katanga, gama garken da ba shinge abincin kura ne. Ka tsare koyarwar da aka danƙa maka, ka ƙi zunubi, ka kiyaye 'ya'yanka. Amma ka riƙa zagaya katangarka da fitilar Maganar Allah, kana duban tubalin ɗaya bayan ɗaya, kana tambaya wanne Ubangiji ya aza, wanne kuma kakanni ko tsoro suka aza. Ma'aunin da aka ba mu a Romawa 15:7 shi ne mu karɓi juna yadda Almasihu ya karɓe mu. Ya karɓe ka tun kana baƙo, ba takardar shaida a hannunka. Taron da Yahaya ya gani a gaban kursiyin, daga kowace al'umma da kabila da harshe yake, abin da ya haɗa su kuwa shi ne tufafin da aka wanke da jinin Ɗan Ragon (Wahayin Yahaya 7:9-14). Wanda zai tsaya kusa da kai a ranar nan, kada ya tarar da ƙofarka a rufe yau.

Mu yi addu'a. Ya Uba Mai Tsarki, ka keɓe mu daga zunubi da koyarwar ƙarya, ka ba mu ƙarfin hali mu tsaya a kan gaskiyarka ko da za mu tsaya mu kaɗai. Ka buɗe idanunmu mu ga inda muka kira al'adarmu da sunanka. Ka gafarta wa ikkilisiyarka saboda waɗanda ta mayar daga bakin ƙofa alhali kai ka kira su. Ka sa mu zama masu tsaron ƙofa masu aminci, waɗanda ba za su shigar da kura ba, ba kuwa za su kori tunkiya ba. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.